Yadda Ake Gudanar da Binciken Ƙarancin Jini a Tsakanin Mata Masu Juna Biyu

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin awo ranar da mata suka cika benci ya ga yadda ma'aikaciyar jinya take ɗage fatar idon mace ta duba, ta juya tafin hannunta, sannan ta ce mata jininta ya yi ƙasa. Sau da yawa gaskiyarta ne, amma ido ba ma'auni ba ne, musamman a wajen matan da suka sa lalle ya rufe tafin hannu da farce. Wannan ne ya sa ɗaliban makarantun koyon aikin jinya da unguwarzoma da na kwalejojin kimiyyar lafiya suke yawan zaɓar ƙarancin jini a matsayin batun bincikensu na kammala karatu, kuma su ne na fi nufa da wannan bayani, tare da ma'aikatan ƙananan asibitoci da suke son sanin haƙiƙanin halin da matan yankinsu suke ciki.

Batun ya cancanci wahalar da za a sha a kansa, domin a nan ne lafiyar mace da cututtuka masu yaɗuwa da abinci suke haɗuwa wuri guda. Zazzaɓin cizon sauro yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini, tsutsar ciki mai ƙugiya tana tsotsar jini a hanji, tsargiya tana fitar da shi ta fitsari, ga kuma abincin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe da folik asid a daidai lokacin da ɗan tayi yake ɗibar nasa kason. Macen da ta zo naƙuda da ɗan guntun jini ba ta iya jure zubar da wadda take da cikakken jini za ta jure. Binciken alƙaluman jama'a da lafiya na Najeriya na shekarar 2018 ya gano cewa kashi 58 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, a cikin masu juna biyu kuwa kashi 61 ne, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar kashi 40 zuwa sama a matsayin matsala mai tsanani ga lafiyar al'umma. Sai dai adadi na ƙasa baki ɗaya ba zai gaya wa shugaban asibitin wata mazaɓa abin da yake damun matan da ke zuwa wurinsa ba.

Tsayar da tambaya

Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai shi ne haɗama. Ɗalibi zai rubuta cewa zai binciki yawan ƙarancin jini da musabbabinsa da illarsa ga jariri da ilimin mata a kansa da ingancin maganin da ake ba su, duk a cikin wata biyu da kuɗin aljihunsa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar. Tambaya mai kyau tana faɗar su wa za a bincika, a ina, a wane lokaci, kuma me za a auna. Misali, a tambaya mata nawa ne cikin ɗari, daga waɗanda suka zo awon farko a asibitin wata mazaɓa tsakanin Agusta da Oktoba, suke da ƙarancin jini, kuma nawa ne daga cikinsu suke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Wannan tambaya ce da mutum ɗaya da mataimaka biyu za su iya amsawa da gaskiya.

Kafin a rubuta komai, a karanta abin da magabata suka yi a wannan ƙasa tamu. A Zariya, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a asibiti, aka wallafa sakamakon a 1985, kuma ya nuna cewa mace-mace sun fi yawa nesa ba kusa ba a cikin matan da ba su taɓa zuwa awo ba. A 1986 kuma Alan Fleming da abokan aikinsa suka wallafa gwajin da suka yi da mata Hausawa 200 masu cikin fari a Zariya, inda suka kasa su rukuni biyar don kwatanta maganin rigakafin zazzaɓi da sinadarin ƙarfe da folik asid, kuma aikin ya ƙarfafa hujjar haɗa kariya daga zazzaɓi da maganin ƙarin jini. Rukuni ɗaya a wancan gwaji ba a ba shi magani mai aiki ba, abin da ba zai yiwu a maimaita a yau ba tun da an riga an san amfanin maganin.

Asibiti ko cikin gari, damina ko rani

Binciken asibiti ya fi sauƙi da arha, ga ɗakin gwaji kusa, ga matan sun kawo kansu. Lahaninsa shi ne waɗanda suke zuwa awo ba su ne hoton matan gari ba. Binciken 2018 ya nuna kashi 67 cikin 100 na mata a Najeriya ne suka samu awo a hannun ƙwararren ma'aikaci, kuma Arewa maso Yamma tana ƙasa da wannan. Wadda ba ta zuwa ita ce yawanci ta fi talauci, ta fi nisa da titi, ta fi rashin ta cewa a gidanta, kuma a ganina ita ce ta fi zama abin damuwa. Wanda ya yi aikinsa a asibiti bai yi laifi ba, amma wajibi ne ya rubuta ƙarara cewa sakamakonsa na masu zuwa awo ne, kada ya ce na matan ƙaramar hukuma ne. Idan a asibitin za a tsaya, ya fi kyau a ɗauki masu awon farko kawai, domin wadda ta yi wata uku tana shan maganin ƙarin jini ta riga ta sauya.

Lokaci ma yana juya adadi. Zazzaɓin cizon sauro a Arewa yana kai ƙololuwa daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, kuma wannan ya zo daidai da lokacin da rumbu ya yi ƙasa kafin sabon hatsi ya shigo gida. Wanda ya auna mata a watan Satumba da wanda ya auna su a watan Maris a gari ɗaya za su iya samun alƙaluma daban, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Saboda haka a rubuta watannin da aka yi aikin a cikin rahoto, a kuma guje wa tambayoyin abinci a watan azumi ko makon salla, sai fa idan su ne abin da ake son bincikawa.

Yawan matan da za a ɗauka ana fitar da shi ne da lissafi. Idan ana zaton adadin zai kai kashi 61, ana kuma son kuskure kada ya wuce maki 5 sama ko ƙasa da tabbacin kashi 95, sai a ninka 1.96 (lambar da take tafiya da tabbacin kashi 95) da kansa, a ninka da 0.61 (wato kashi 61), a ninka da 0.39 (ragowar kashi 39), a raba da 0.0025 (wato 0.05, maki 5 ɗin, an ninka da kansa), abin da zai ba da mata 366. Idan aka yi tanadin cewa ɗaya cikin goma ba za ta yarda ba, sai a nemi kusan 407. Wanda ƙarfinsa bai wuce mata 100 ba yana iya yin aikinsa, da sharaɗin ya san kuskurensa zai kusa maki 10 kowane gefe, ya kuma faɗi hakan. Idan za a shiga gari a ɗebi mata unguwa-unguwa, ana ninka adadin da 1.5 ko 2, saboda maƙwabta sukan yi kama da juna a abinci da ruwan sha da yawan sauro. Wajen zaɓe kuwa, kada a bar shi ga son ran mai bincike, domin hannu yakan miƙa ne ga mai fara'a ko ga wadda ta fi nuna alamar ciwo. Idan ana sa ran mata 1,200 a wata uku kuma ana buƙatar 400, sai a jefa ƙuri'a a kan ta farko, daga nan a riƙa ɗaukar kowace ta uku a layin rajista ba tare da tsallake ba.

Izini da amincewa

Ba a taɓa jinin kowa kafin kwamitin ɗa'ar bincike ya duba tsarin aikin ya ba da takardar amincewa. Najeriya tana da kwamitin ƙasa da ya fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, akwai kuma kwamitoci a ma'aikatun lafiya na jihohi da manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A miƙa takardu da wuri, domin dubawar takan ɗauki makonni, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu ɗalibai suna kallon wannan mataki a matsayin ɓata lokaci, ni kuwa ina ganin duk mai bincike a ƙasar Hausa ya kamata ya tuna da 1996, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano ana tsakiyar annobar sanƙarau, a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200. Ƙorafin iyaye cewa ba a yi musu cikakken bayani ba ya kai ga shari'a, har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Mutane ba su manta ba, kuma wanda ya zo da allura da takarda a yau yana shiga gidajen da ake ba da wannan labari.

Bayan takardar kwamiti sai gaisuwar gari. A fara da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da shugaban asibitin, sannan hakimi ko dagaci, sannan mai unguwa da limami da kwamitin raya mazaɓa, kada kuma a manta da ungozomar gargajiya, domin ita ta san wadda take da ciki tun kafin ya fito. A je da ƙafa, a zauna, a yi bayani da Hausa mai sauƙi, a kuma saurari tambayoyi har su ƙare. A gidajen da ake kulle namiji baligi ba ya shiga, don haka masu tattara bayanai su kasance mata, kuma ko da babu kulle, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, akwai abin da mai ciki ba za ta taɓa faɗa wa namiji ba.

A nan akwai wata gaɓa da nake so a tsaya a kanta sosai. Izinin maigida yana buɗe ƙofa, kuma rashin nemansa yana iya jawo wa matar fitina bayan masu bincike sun tafi, saboda haka a neme shi. Amma izininsa ba ya maye gurbin yardar matar, tun da jinin nata ne. Mace da aka tambaya a gaban uwar mijinta ko kishiyarta, ko a gaban ma'aikaciyar da za ta karɓi haihuwarta, ba ta da damar cewa a'a ko da ba ta so. A keɓe da ita, a yi mata magana kamar haka: "Yaya, muna bincike ne a kan ƙarancin jini ga masu ciki. Idan kin yarda, zan yi miki tambayoyi, sannan in ɗiga jini kaɗan daga yatsanki in auna a gabanki, in gaya miki sakamakon yanzu. Ba za a rubuta sunanki a rahoto ba. Idan ba ki so, babu komai, za a yi miki awonki kamar kowa, kuma ko mun fara kina iya cewa a tsaya." A faɗa mata ainihin gwaje-gwajen da za a yi da jinin, kuma idan babu gwajin ƙanjamau a cikinsu a faɗi haka a fili, domin shi ne abin da mutane da yawa suke zargi ba su furta ba. Wadda ba ta karatun boko a karanta mata a gaban shaida wanda ba ya cikin masu binciken, sannan ta dangwala yatsa. Game da matan aure da ba su kai shekara 18 ba, waɗanda kuma suna cikin mafi haɗari, a nemi hukuncin kwamitin ɗa'a a rubuce tun farko a kan yadda za a karɓi amincewarsu. Kuɗin mota ko sabulu ba laifi ba ne idan kwamiti ya amince, amma kyautar da za ta sa matalauciya ta kasa cewa a'a ta zama tilas a fakaice.

Takardar tambayoyi

Yawancin takardun tambayoyi ana rubuta su da Turanci, sannan a bar kowace mai tambaya ta fassara yadda ta ga dama a bakin aiki, sai a wayi gari mata uku sun yi tambaya uku daban. A rubuta takardar da Hausa, a ba wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci don a ga inda ma'ana ta kauce, sannan a gwada ta a kan mata 20 ko 30 a wani asibiti da ba ya cikin binciken.

Alkunya tana da tasiri a kan amsa fiye da yadda baƙo zai zata. Mai cikin fari sau da yawa ba za ta amsa cewa tana da ciki ba, amma za ta iya cewa ta yi ɓatan wata. Ranar al'adar ƙarshe ba kasafai ake riƙe ta da kalandar Turawa ba, don haka a riƙe jadawalin watannin Musulunci a hannu, a tambaya ko kafin azumi ne ko bayan ƙaramar salla ko tsakanin salloli, sannan a gwama da awon tsayin ciki ko hoton sikanin idan akwai. Idan aka ce "'ya'yanki nawa?" mace takan ƙirga rayayyu kawai, wata ma ta tsallake ɗan fari. A rarraba tambayar: haihuwa nawa, nawa ne a raye, nawa suka koma, an taɓa ɓari, an taɓa haihuwar da ba ta zo da rai ba. A tambayi tazarar da ke tsakanin wannan ciki da haihuwar baya, domin mai kwanika ba ta samu sararin mayar da jinin da ta rasa ba. A tambaya kuma ko tana da sikila, ko an taɓa ƙara mata jini.

Game da magani, kada a dogara da suna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta riƙa shan miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe da miligiram 0.4 na folik asid kullum, da kuma maganin rigakafin zazzaɓi da aka fi sani da Fansidar daga mako na 13, aƙalla sau uku, da tazarar wata guda tsakanin kowane sha. Mace ba lallai ta san waɗannan sunaye ba, amma idan aka nuna mata samfurin ƙwayoyin aka ce sau nawa aka ba ta guda uku ta haɗiye a gaban ma'aikaciya, za ta tuna, kuma katin awonta zai tabbatar. A bambanta karɓar magani da shan sa, domin da yawa suna ajiyewa saboda tashin zuciya ko taurin bayan gida, wasu kuma saboda tsoron kada jariri ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Haka gidan sauro: tambayar ita ce ko ta kwana a cikinsa daren jiya, mallakarsa kaɗai ba ta nuna komai.

Tambayar abinci ita ce mafi wahala. Hanya mafi dacewa da ƙaramin bincike ita ce ta Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda take duba ko mace ta ci daga aƙalla rukuni 5 cikin 10 a jiya, dare da rana. Rukunan su ne hatsi da saiwoyi kamar gero da dawa da rogo, wake da danginsa kamar gurjiya da awara, gyaɗa da riɗi da agushi, nono da madara, nama da kifi da hanta, ƙwai, ganyaye masu duhun kore kamar zogale da rama da alayyahu, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A kamar karas da kabewa da nunannen mangwaro, sauran kayan lambu kamar tumatir da kuɓewa, sai sauran 'ya'yan itatuwa kamar lemo da goba. Idan aka ce wa mace me ta ci jiya za ta ce tuwo, ta yi shiru. Aikin mai tambaya shi ne ta bi ta tun daga karin kumallo, ta tambayi tuwon mene ne, miyar mece ce, me aka zuba a ciki, ko furar da nono aka dama ta ko da ruwa, ko ta taɓa ƙuli-ƙuli ko kwaɗo tsakanin abinci, ko maƙwabciya ta aiko da wani abu. Abin da bai kai giram 15 ba, wato kimanin cokalin cin abinci ɗaya, ba a ƙirga shi, shi ya sa daddawa da barkono da ɗan garin kifin da aka barbaɗa don ɗanɗano ba sa shiga lissafi. Miyar kuka tana kawo gardama, don haka a yanke hukunci a kanta tun kafin a fita, a rubuta, kowa ya bi. A lura kuma mace tana iya jin nauyin cewa ba a ci nama a gidanta ba, sai ta ce an ci don ta rufa wa mijinta asiri, kuma maganin wannan shi ne tambaya a keɓe da murya wadda babu tuhuma a cikinta. A ƙara tambaya a kan shan shayi tare da abinci, domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe cikin jiki, da kuma kwaɗayin cin ƙasa, wanda yakan tafi tare da ƙarancinsa.

Awon jini da neman cututtuka

Abin da ake aunawa shi ne himogulobin, wato sinadarin da yake cikin jajayen ƙwayoyin jini yana ɗaukar iskar numfashi zuwa sassan jiki. Mai ciki da take ƙasa da giram 11 a desilita (kashi ɗaya cikin goma na litar jini) tana da ƙarancin jini, ƙasa da 7 kuwa mai tsanani ne, kuma a ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sabunta a 2024 an sauke iyakar watanni uku na tsakiya zuwa 10.5. Asibitocinmu da yawa suna aiki da ma'aunin PCV, wato kason jajayen ƙwayoyi a cikin jini, inda kashi 33 yake daidai da giram 11 a ƙiyasi, amma wasu likitoci suna ɗaukar kashi 30 a matsayin iyaka. Wanda ya yi amfani da 30 zai samu adadi ƙasa da na wanda ya yi amfani da 33 a kan mata ɗaya, don haka a bayyana iyakar da aka bi, kada a kwatanta alƙaluman da ba a kan ma'auni ɗaya suke ba. A wurare masu tudu kamar Jos ana gyara adadin saboda tsayin ƙasa.

Jinin jijiya da aka auna da injin ɗakin gwaji ya fi inganci, amma a ƙauye yawanci ƙaramar na'ura irin HemoCue ce a hannu, kuma ingancinta ya dogara da hannun mai aiki. A zaunar da matar, a tabbatar hannunta da ɗumi, musamman da sanyin hunturu, a goge yatsan tsakiya ko na zobe da sifirit a bari ya bushe, a huda gefen kan yatsa da sabon tsinke, a share ɗigo biyu na farko, sannan a cika 'yar robar gwajin a zuƙa ɗaya ba tare da kumfar iska ba. Kada a matse yatsa kamar ana tatsar nono, domin ruwan tsoka yana gauraya da jinin ya sauke adadin, a mayar da lafiyayyiya maras lafiya a kan takarda. A rufe kwalbar robobin da zarar an ɗauki ɗaya, a kiyaye su daga rana, domin zafin bazara a Arewa yakan haura digiri 40, a kuma duba ranar ƙarewar aikinsu.

Da huda ɗaya za a iya yin gwajin zazzaɓi na gaggawa, amma a san iyakarsa. Yana iya ci gaba da nuna akwai cuta makonni bayan an warke, sannan ƙwayar cutar takan taru a mabiyiya, musamman ga mai cikin fari, har a rasa ta a jinin yatsa ko da an duba da madubin likita, kuma matar tana iya ɗauke da ita ba ta jin zazzaɓi ko kaɗan. Idan za a duba bayan gida da dabarar Kato-Katz, wato shafa ɗan kaɗan a kan gilashi a nemi ƙwan tsutsa da madubin likita, a karanta gilashin cikin minti 30 zuwa 60, domin ƙwan tsutsa mai ƙugiya yana ɓacewa bayan haka. A garuruwan fadama da noman rani, irin yankin Kura da Kadawa, yana da kyau a duba fitsari don tsargiya, a karɓe shi tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwai suka fi fita. Awon kaurin damtse da tef ba ya cin minti guda, kuma shirye-shirye da dama suna ɗaukar ƙasa da santimita 23 a matsayin alamar rama ga mai ciki.

Ba ya halatta a gano ciwo a rubuta a wuce. Tun kafin a fara, a yi yarjejeniya da asibiti a kan wanda zai karɓi matan da aka samu da matsala da wanda zai biya kuɗin magani. Wadda aka samu ƙasa da giram 7, ko tana haki da jiri da bugun zuciya, a kai ta ga likita a ranar, a kuma kira maigidanta a yi masa bayani, domin takardar turawa kaɗai sau da yawa a ƙarƙashin katifa take ƙarewa. Mai zazzaɓi a ba ta magani bisa ƙa'idar ƙasa, mai tsutsa kuma ana ba ta albendazol bayan watanni uku na farko. Duk wannan a sa shi cikin kasafin kuɗin binciken.

Lissafi da mayar da sakamako

Kowace mace a ba ta lamba, littafin da ya haɗa lamba da suna kuma a kulle shi daban, abin da ya dace da dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023. Manhajar KoboToolbox ta tattara bayanai tana aiki a waya ko babu intanet, Epi Info kuma kyauta ce don lissafi. A duba takardun kowace rana da yamma, tun ana iya komawa a gyara.

A ba da adadi tare da tazararsa ta sama da ƙasa, a rarraba shi bisa watannin ciki da yawan haihuwa, sannan a yi hattara da kalmar "haddasawa". Binciken da ya auna komai a rana ɗaya yana nuna alaƙa ne kawai. Ana iya samun cewa masu shan maganin ƙarin jini sun fi ƙarancin jini, saboda an ba su maganin ne don an ga jininsu ya yi ƙasa. Ana iya samun masu kwana a gidan sauro sun fi jini, alhali wataƙila su ne kuma suka fi samun nama da ƙwai. A faɗi adadin waɗanda suka ƙi shiga, a faɗi gwajin da ya lalace, kuma idan sakamako ya saɓa wa abin da aka yi zato a rubuta shi yadda ya zo.

Bayan an kammala, a koma garin. A zauna da shugaban asibiti da kwamitin raya mazaɓa da mai unguwa a nuna musu abin da aka samu a shafi ɗaya da Hausa, a yi wa mata nasu zaman daban ranar awo ko a makarantar Islamiyya, ba tare da ambaton sunan kowa ko gidan kowa ba. Idan aikin ya nuna Fansidar tana yankewa a asibitin, a kai wannan ga sashen lafiya na ƙaramar hukuma a rubuce. Idan ya nuna mata ba sa zuwa awo sai ciki ya kai wata bakwai, wannan magana ce ta magidanta, kuma limami ne ya fi dacewa ya isar da ita. Daga nan a aika wa kwamitin ɗa'a rahoton kammalawa, a adana takardun amincewa na tsawon lokacin da kwamitin ya ƙayyade, sannan a ƙone littafin da ya haɗa sunaye da lambobi.